Waldata ta tsage kamar gilashi, wai ashe taitaniyam ne, don Allah masu sani

Sani Mai Walda, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wata warsha, wato shagon gyara, nan sana'iyyar Jidda, unguwar masu sana'a, shekarata tara da kan walda a hannu tun daga Ƙofar Ruwa a Kano, amma wlh shekaranjiya na gamu da abinda ya ɗaure min kai. Wani mai jirgin kamun kifi ne ya kawo bututu na wajen sanyaya injin, ya tsage a gwiwa. Na kara maganaɗisu bai kama ba sai nace toh sitanles ne, duk da dai naji shi sakayau a hannu ba nauyi. Na jona argon, gas ɗin da ke kare walda daga iska, na ɗauko wayar sitanles na bi shi, wajen yayi shuɗi daga baya gefensa yayi fari kamar an barbaɗa toka, da ya huce na ɗan ƙwanƙwasa da guduma sai ji nayi ƙas, ya rabe. Da na sa giranda zan share kuwa tartsatsin fari fat yake fita har yana kashe ido, anan wani ɗan Filifin dake maƙwabtaka damu yace min wannan taitaniyam ne. Mai kaya zai dawo ran Asabar kuma mai warsha yace in ya lalace a albashina zai cire. Meye kuskurena, kuma yana gyaruwa?

Ɗan Yanbu:
Wa alaikumussalam Malam Sani. Farin tartsatsin nan da rashin nauyin sun isa shaida, shi ne. In ka ɗauko shi da baƙin ƙarfe girma ɗaya, nauyinsa kaɗan ya haura rabi, a santimita kubik ɗaya shi giram 4.5 ne, baƙin ƙarfe kuma kusan 7.9. Kuskure biyu kayi kuma duk wanda ya fara taɓa shi sai yayi su. Wayar sitanles ba ta haɗuwa da shi ko kaɗan, in suka narke tare abinda suke haifarwa busasshe ne mai karyewa, ko da hannunka yafi na kowa kyau sai ya tsage. Amma babbar matsalar iska ce. Sai zafi ya kai digiri 1668 a ma'aunin Salsiyas yake narkewa, sai dai tun yana wajen 400 da wani abu yake fara zuƙar oksijin, in zafin ya ƙaru ya haɗa da naitirojin, kuma duk abinda ya sha ya zauna a jikinsa kenan ya mayar dashi gautsi. Kenan ba inda wuta take kawai zaka rufe da gas ba, har bayan da ka wuce wanda bai huce ba, har cikin bututun.

Kalar ita ke faɗa maka gaskiya. In ya fito kamar azurfa ka gama lafiya, ruwan ƙwai mara duhu ana ɗaga ƙafa a wasu ayyukan, shuɗi ya sha iska, toka ko fari mai gari kuwa babu zancen a bi ta kai, yankewa ake. Ka yanke duk inda ka taɓa har ka wuce shi, ka goge da burushin sitanles sabo wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, ka wanke da asiton, sinadarin wanke maiƙo, kada ka taɓa da hannu sai da safar hannu mai tsafta don ko maiƙon yatsa yana ɓata shi. Ka toshe bakin bututun biyu ka cika cikinsa da argon ka bar ƙaramar huda iska ta fita, ka sa kofin bakin walda, inda gas ke fitowa, mafi faɗi da kake dashi, ka rage wuta, kayi kaɗan kaɗan kana tsayawa, in ka ɗauke wuta kada ka janye hannu har sai ya huce a ƙarƙashin gas. Kashe fanka kuma, nasan zafin Jidda amma daure. Bututun ruwan teku yawanci giredi 2 ne wato tsantsarsa ba gauraye, ka nemi waya irin tasa.

Baba Alhaji Na Makka:
Ikon Allah. 'Ya'yana ni ba mai walda bane amma irin ƙarfen nan na jikina, shekara shida kenan da na faɗi a matakala aka sa min faranti da kusoshi a ƙafa, likita yace taitaniyam ne ba ya tsatsa kuma jiki ba ya ƙinsa. Ɗan Yanbu ɗana, tunda naji kana da sani, me yasa yake da tsada haka, ƙaranci ne dashi kamar zinariya?

Ɗan Yanbu:
Allah ƙara lafiya Baba. Ba ƙaranci bane sam, yana cikin ƙarafan da suka fi yawa a ƙasa, har gida ma a Filato ana samun baƙin yashinsa tare da kuza. Fitar dashi ne aiki. Halin nan nasa na son oksijin da ya ɓata wa Sani aiki shi ne ya hana a narka shi a tanderu da gawayi yadda ake yi wa tama. Tun 1791 aka gano shi a Ingila amma an fi shekara ɗari ba a iya ware shi tsantsa ba, kuma hanyar da ake bi yanzu wani ɗan ƙasar Lukzambag ne mai suna William Kroll ya fito da ita wajen 1940. A haɗa yashin da kulorin ya koma ruwa, a tace, a zuba shi kan narkakken magniziyam cikin tukunya a rufe ba iska, a kwana ana yi, abinda zai fito kamar soso yake mai huji huji shi yasa ake ce masa soso. Sannan a farfasa a matse a sake narkawa inda aka zuƙe iska gaba ɗaya. Kowane mataki wuta yake ci.

Nan garin Yanbu a Saudiyya akwai masana'antar soson, haɗin gwiwa ne da kamfanin Toho na Japan, ta fara fitarwa a 2019 kuma an gina ta ne don tan 15,600 a shekara. Kafin ita ma akwai masana'antar farin garin da ake sawa a fenti, don mafi yawan yashin da ake haƙowa a duniya can yake tafiya ba ƙarfe ake dashi ba.

Gaurayawar kuma wajen narkawa ake yi. Wanda yafi shahara shi ne mai alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4, giredi 5, ƙarfinsa ya ninka na tsantsar fiye da sau biyu, shi ake sawa a jirgin sama, Boeing 787 kusan kashi 15 na nauyinsa taitaniyam ne. Na asibiti sau da yawa shi ne dai amma an ƙara tace shi an rage oksijin. Abinda ke burge ni shi ne son oksijin nan dai shi ne kuma kariyarsa, a sanyi wata 'yar fata siririya yake yi a jikinsa wadda gishiri ba ya ci, in ta karce ta sake fitowa da kanta, shi yasa aka zuba bututunsa a matatar ruwan teku ta garin Jubail nan Saudiyya, kuma shi yasa ƙashin Baba ya zauna dashi lafiya.

Abu Hafsa, Dammam:
Duk abinda yayana Ɗan Yanbu ya faɗa haka ne amma ni shawarata daban, Sani kada ka koyi wannan aikin a kan kayan mutum da zai shiga teku dashi. In ya ɓalle a tsakiyar ruwa injin yayi zafi rayuka ne. Ka faɗa wa mai shi gaskiya, a kai wajen masu yinsa kullum, kai kuma ka riƙe guntun da aka yanke kayi ta gwaji. Ni a injin sassaƙa ƙarfe nake, shi baya sakin zafi duk a bakin wuƙa yake taruwa, sai ka rage gudu ka sakar masa ruwan sanyaya sosai. Kuma don Allah garin da ka tara a ƙasan giranda ka kwashe shi daban, yana kama wuta kuma ba a zuba masa ruwa, busasshen yashi ake rufe shi dashi.

Sani Mai Walda, Jidda:
Allah saka muku da alheri, wlh jiya ban yi barci ba amma yanzu hankalina ya kwanta. Na kira mai jirgin na faɗa masa komai, yayi faɗa kaɗan daga baya yace a kai inda ya dace, mai warsha dai har yanzu bai ce ya yafe kuɗin ba. Garin na kwashe shi tun ɗazu. Na yanki guntu biyu zan gwada bayan Isha in an rufe, Ɗan Yanbu in ban samu wayar ba zan iya tsaga siriri daga jikin bututun in yi gwajin dashi?