Sabulu, sabun, savon: wa ya ari na wa?

Binta K.

Assalamu alaikum 'yan uwa. A bayan kwalin wani sabulu na ga sunansa cikin harsuna barkatai: Turkanci sabun, Indunusiyanci sabun, Faransanci savon, Larabci ma sabun. Masu Suwahili kuma sabuni suke cewa. Waɗannan harsunan ai ba dangin juna ba ne, to ya aka yi bakinsu ya zo ɗaya? Kalmar ta su wane ce tun asali?

Garba

Wa alaikumus salam. Ta Larabawa ce mana, Malama. Duk inda fataken Musulmi suka sauke kaya, sun bar ta a can, kamar yadda suka bar alƙalami.

Malam Habu

Malam Garba, ka kama rabi ka saki rabi. Mu da Turkawa da masu Suwahili da mutanen Indunusiya, hakika daga bakin Larabawa ta iso mana, ko kai tsaye ko ta hannun wasu. Amma su ma Larabawan baƙuwa ce a wurinsu.

Wani marubucin Rumawa, Filini Babba, ya ambaci sapo wajen shekara ta 77 Miladiyya. Ya ce mutanen Gol, wato Faransa ta yau, su suka ƙirƙiro shi da kitse da toka, mafi kyansa na kitsen akuya, kuma gashi ake shafawa don ya yi ja. Har ya ƙara da cewa a cikin Jamusawa maza sun fi mata amfani da shi. Kin ga ke nan, Malama Binta, ba da wanka kalmar ta fara suna ba, da kwalliyar maza ta fara! Tushenta daga tsofaffin harsunan Jamusawa ne, shi ya sa Turanci ke da soap, Jamusanci Seife. Finlanci ma, da ba danginsu ba, ya ara tun da daɗewa: saippua.

Daga Latin ta shiga Girkanci, ta gangara gabas har Larabci. A nan ne ta yi fukafukai, don a garuruwa irin su Halab na Siriya da Nablus na Falasɗinu an gwanance wajen dafa sabulu mai tauri da man zaitun, wanda zai jure doguwar tafiya a bayan raƙumi ko cikin jirgin ruwa. Kaya in ya yi tafiya, da sunansa yake zuwa kasuwa. Japan kuwa ta wata ƙofar ta samu, daga Turawan Fotugal da Sifen na ƙarni na 16: shabon. Yau sekken suka fi cewa, amma shabon tana nan a sunan kumfar da yara ke hurawa.

Tamu kuma, n ce ta koma l, aka ɗora wasali a ƙarshe tunda bakinmu ya fi son haka. Yadda number ta zama lamba. Af, alƙalamin da ka kawo misali da shi, Malam Garba, shi ma daga kalamos na Girkawa yake, wato kara.

Usaina

Ni kuwa na karanta cewa daga sunan wani dutse ne a Rum, Dutsen Sapo, inda ruwan sama ke wanko kitsen dabbobin yanka da toka zuwa rafin da mata ke wanki. Haka ne, Malam?

Malam Habu

Labari ne mai daɗin ji, amma tatsuniya ce. Babu dutse mai wannan suna a rubuce-rubucen Rumawa, kuma Filini da kansa ga baƙi ya jingina abin. Da a bayan garinsu aka gano shi, ai da shi zai fara yin tutiya.

Sai dai a kula, ba duk kamanni ne aro ba. A harshen Mbabaram na Ostireliya sunan kare dog ne, daidai da Turanci, alhali babu abin da ya haɗa su. Sabulu ya sha bamban saboda ana iya bin sawunsa zango-zango a rubuce, daga Latin zuwa Girkanci zuwa Larabci.

Binta K.

Allah ya ƙara ilimi, Malam. To sukari fa, shi ma hanyarsu ɗaya?

Malam Habu

Amin. A'a, shi daga gabas ya taso: sharkara a Sanskirit na Indiya, shakar a Farisanci, sannan sukkar a Larabci. Wannan karon Turawa ne suka ara daga Larabawa.