Me ya sa aka dakatar da karawar Karpov da Kasparov?

Ɗan Samaru: Malamai, mun yi gardama a majalisarmu ta darar ces. Wai me ya hana a kammala karawar neman kambun ces na duniya tsakanin Karpov da Kasparov ta 1984 a Mosko?

Na Tudun Wada: Ƙa'idar ce ta jawo. Wanda ya fara cin wasa 6 shi ne zakara, canjaras ba ya shiga lissafi. Karpov ya kai 5 da nema, na shidan ya gagara. Wata 5 ana bugawa, wasa 48, canjaras 40!

Baban Kofar Doka: Haka ne, malam. Kasparov ya ci na 32, 47 da 48, sai shugaban FIDE (hukumar ces ta duniya), Campomanes, ya tsayar a Fabrairun 1985, wai 'yan wasa sun gaji. Ni dai ban gamsu ba.

Na Tudun Wada: Da aka sake, an ƙayyade wasa 24. Kasparov ya yi nasara da maki 13 da 11, yana ɗan shekara 22.