Ƙarafen taga sun tsayar min da sayen gida, dan Allah a ba ni shawara

Maman_Yara:
Salam 'yan uwa. Muna ƙoƙarin sayen gida a nan Amurka da bashin FHA (bashin gida da gwamnati ke tsaya wa), komai ya tafi daidai har mai kimanta gida ya zo ya duba, sai ya rubuta a rahotonsa wai ƙarafen da ke tagogin ɗakunan kwana sai an gyara kafin banki ya saki kuɗi. Ni kuma wlh ƙarafen nan na cikin abin da ya sa gidan ya kwanta min a rai, maigida aikin dare yake yi, ni da yara ne kawai a gida. Dole sai an cire su ne gaba ɗaya?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba dole a cire ba, abin da ake nema shi ne ƙarfen ya buɗu daga ciki ba tare da makulli ko wani kayan aiki ba. Dokar gini ta IRC wadda yawancin jihohi ke bi, sashe na R310 a bugun 2021, ta ce kowane ɗakin kwana sai yana da hanyar tsira idan gobara ta tashi, faɗin taga kada ya gaza inci 20, tsayi inci 24, filin da mutum zai ratsa ya kai murabba'in ƙafa 5.7, sannan daga ƙasa zuwa bakin tagar kada ya wuce inci 44. Littafin ƙa'idojin bashin FHA na ma'aikatar gidaje, wato HUD 4000.1, kuma ya wajabta wa mai kimantawa ya rubuta idan ya ga ƙarfe a tagar ɗakin kwana, aikinsa ya yi. Kuma ki kula, ɗakin da ba shi da mafita ba ya lissafa shi a matsayin ɗakin kwana, kin ga gida mai ɗaki 3 sai ya koma 2 a takarda, kimarsa ta faɗi.

Maman_Yara:
To idan aka sa kwaɗo muka rataye makullin a jikin bango kusa da tagar fa?

Injiniya_M:
A'a 'yar uwa, wannan ba zai wuce ba kuma gsky ko zai wuce ban so ki yi. Hayaƙi sama yake fara taruwa ya sauko, ɗaki ya yi baƙi ƙirin, mutum yana rarrafe yana tari ido na ruwa, a haka za a ce yaro ya lalubo makulli ya saita shi a bakin kwaɗo? 'Yan kwana-kwana ma daga waje sai sun tsaya yankan ƙarfe, lokacin nan kuma shi ne babu. Akwai irin wanda ake yi wa hinji a gefe guda da feda a cikin ɗaki, ana takawa da ƙafa ko a ja hannu ƙarfen ya wangale waje, ɓarawo kuma hannunsa ba ya kaiwa. Mai walda zai iya mayar da naku haka. Na falo da kicin galibi ba a damu da su ba.

Abu_Sadiq:
Ki sa ejan ɗinku ya nemi mai sayarwa ya biya gyaran tunda gidan yana hannunsa har yanzu. In an gama mai kimantawa zai dawo ya cike fom 1004D na tabbatar da an yi gyaran, akwai ɗan kuɗin dawowa, ki tambayi banki wa zai biya. Kuma ku sa yaran su gwada fedar da kansu, tsatsa da fenti na sa ta cije.

Maman_Yara:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri, yanzu zan kira ejan ɗin.