Wai me za mu kira tafintan da kotu ke kawo wa kurma?

Salam jama'a. Kwana biyu ke nan wata kalma ta tsaya min a wuya, na ce bari in kawo ta nan mu haɗa kai. Ina fassara wani rubutu ne kan haƙƙin wanda ake tuhuma da laifi sai na ci karo da court-appointed sign language interpreter, wato mutumin da kotu da kanta take kawowa ya tsaya tsakanin alƙali da kurman da aka gurfanar.

Rabin aikin dai an gama mana, muna da tafinta. Ita ma daga interpreter ɗin aka aro ta tuntuni ta zauna daram. Mai fassara bai min ba, takarda da biro yake kawo min a rai, shi kuwa wannan a tsaye yake yin nasa nan take.

Wanda na fara tambaya ko tunani bai yi ba ya ce tafintan bebaye. Gaskiya ban yarda ba. Bebe na nufin ba ya magana, alhali kurame da yawa suna da murya, ji ne babu, wanda ba ya amfani da muryar ma yana da harshensa. Ranar da aka rubuta bebe a takardar shari'a kamar an riga an ce babu abin da za a ji daga gare shi ne, mutumin da ɗauri ke jiransa fa.

Sai tafintan kurame, wannan ya fi, na ma kusa ɗauka. Abin da ya tsayar da ni shi ne sunan ya mayar da tafintan kamar ɗan rakiyar kurma, alhali alƙali ma bai iya harshen ba, lauya bai iya ba, mai gabatar da ƙara bai iya ba, duk buƙatarsu ɗaya. Akwai wata matsalar kuma, ina zuwa kanta.

Wata 'yar'uwa ta kawo mai fassarar ishara. Ishara kowa na yi, ka ɗaga wa mutum gira ko ka nuna da baki. Wannan kuwa harshe ne mai nahawunsa, har fuska tana cikin nahawun, ɗaga gira kaɗai yana mayar da zance ya koma tambaya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta faɗa ƙarara a sashe na 2 cewa in an ce harshe to har da na hannu. Kuma ba guda ɗaya ba ne a duniya, na Amurka daban na Ingila daban duk da ƙasashen biyu Turanci suke yi, na Amurka ma ya fi dangantaka da na Faransa. Shi ya sa na tsaya a kan maganar hannu, sunan da kurame Hausawa ke kiran nasu harshen da shi, sai mu faɗaɗa shi mu riƙa cewa maganar hannu ta Amurka, ta Ingila, haka dai. Na so in taƙaita in ce tafinta na hannu sai na ji ya yi kama da kayan da aka saya na hannu, na fasa.

Yanzu appointed ɗin. Naɗa ya yi nauyi, kamar za a ɗaura rawani. Ni dai na kotu ya ishe ni, kuma a nan ne zancen yake. Ku ɗauka an bar yayan wanda ake tuhuma ya yi tafintan. Alƙali ya ce ka aikata ko ba ka aikata ba, ƙanen yana ta bayani da hannu cewa ba ya wurin ranar, yayan saboda tsoro da son a gama ya ce ranka ya daɗe cewa yake a yi haƙuri. Shi ke nan an rubuta ya amsa laifi. Ko kuma kurman ya gyaɗa kai, nufinsa ina biye da kai, a ɗauka e ya ce. Na kotu yana rantsuwa, ba ya ƙari ba ya ragi, ba ya ba da shawara, in kurma ya ce ban yi ba shi ma ban yi ba zai ce da bakinsa, ba wai ya ce bai yi ba. Yana tsayawa inda kurman zai ga hannunsa da fuskarsa sosai. Kuma ba wanda ake tuhuma ne zai biya shi ba, yarjejeniyar 1966 kan haƙƙin ɗan'adam na farar hula da siyasa, sashe na 14, ta ce kyauta ne ga duk wanda ba ya jin harshen kotu. A Amurka dokar tafintocin kotu ta 1978 ta haɗa har da masu matsalar ji.

Masu cewa ai ya karanta leɓe, don Allah ku tsaya gaban madubi ku ce kuka na hawaye ku ce kuka itace ku gani ko leɓe zai raba muku su. Sannan ankwa, in an ɗaure hannun kurma a gaban alƙali an toshe masa baki ne, tafinta ko na duniya ne babu abin da zai fassara.

To ga matsalar da na ce ina zuwa. Akwai kurman da bai taɓa shiga makaranta ba, alamun gida kawai ya sani, waɗanda shi da mahaifiyarsa suka ƙirƙira. A shari'ar Jackson da jihar Indiana, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1972, kurma ne da bai iya karatu da rubutu ba sai 'yan alamu kaɗan, ana tuhumarsa da fashi biyu da jimillarsu dala 9 ce, aka ce a tsare shi har sai ya iya fahimtar shari'a, abin da kusan ɗaurin rai da rai ne, kotun ta ce ba a tsare mutum haka ba iyaka. Don irin waɗannan mutanen ne a wasu ƙasashe ake kawo tafinta na biyu wanda shi kansa kurma ne, ya karɓa daga mai ji ya warware wa wanda ake tuhuma ta yadda zai gane, ya kuma mayar da amsa. Shi wannan a Hausa tafinta kurma ne. Ku duba, tafinta kurma da tafintan kurma, harafi ɗaya ya raba su, magatakarda na sauri zai haɗe su a kawo wanda ba shi ake nema ba.

Don haka abin da zan rubuta shi ne tafintan maganar hannu na kotu, mace tafintar maganar hannu ta kotu, jam'i tafintocin maganar hannu na kotu. Ya yi tsawo na sani, a cikin zance in an faɗa sau ɗaya sai a ci gaba da tafintan kotu. Sunan tafinta na biyun, wanda shi kansa kurma ne, shi ne har yanzu bai kwanta min ba, na rubuta kurma tafinta na ajiye tukuna. Duk wanda ya iya maganar hannu a cikinku don Allah ya tambayar mana kuramen da kansu yadda suke kiransa, abin da suka ce shi zan sa.