Tudun yashin bakin teku: a kashe masa kuɗi ko a bar wa ruwa?

Malam: Ni maganata ɗaya ce. Tudun yashin da ke fitowa a bakin teku ba ya zama, yau yana nan, gobe guguwa ta kwashe shi. Kashe kuɗi a kansa saboda tsuntsaye ɗibar ruwa ce da kwando.

Hajiya: Malam, tsuntsayen nan ba a bishiya suke sheƙa ba. Ɗan rami suke yi a yashi su saka ƙwai. Ruwan da ya kewaye tudun shi ke hana kyanwa da ɓera ƙetarowa, igiyar da ke hawa kansa jefi-jefi kuma ita ke hana ciyawa rufe shi. Rashin zaman nasa da kake kuka da shi, shi suke so.

Auta: To a ƙyale su mana, Hajiya. Wani ya nutse, wani ya fito.

Hajiya: Da haka ake, ƙanena. Yanzu madatsun ruwa sun tare yashin da koguna ke kawowa, ga teku na ƙara hawa. Masu nutsewa sun fi masu fitowa.

Yaya Babba: Ku duba tudun yashin Crab Bank a Charleston ta Amurka. Guguwar Irma ta share shi a 2017. A 2021 aka sake tada shi da yashin da aka yaso wajen zurfafa tashar jiragen ruwa, tsuntsaye suka dawo suka yi ƙwai.

Malam: Ka taya ni hujja ke nan, Yaya. Wata guguwar tana tafe.

Yaya Babba: Tana tafe. Amma yashin nan dole a yaso shi ko babu tsuntsu ko ɗaya. Inda za a zuba shi kawai aka zaɓa.

Hajiya: Kuma babban aikin ba na kuɗi ba ne, hana mutane sauka ne a lokacin kwanci. Kwale-kwale ɗaya ya tsaya da kare a ciki, iyaye su tashi, rana ta gasa ƙwai, wasu tsuntsayen su kwashe 'ya'yan.

Malam: Masunta fa? Su ci me?

Yaya Babba: A Banc d'Arguin na Muritaniya, gandun da aka keɓe tun 1976, masunta Imraguen na kamun kifinsu da jiragen ruwa masu tafiya da iska. Masu inji aka hana.

Malam: Rufewa na 'yan watanni na yarda. Tara sabon yashi kuwa, a fara gaya mini wa zai biya na karo na biyu.