Ana zargin kwamitin makarantarmu da cin kuɗi, ta yaya za mu riƙa sanar da mutanen gari?

Hedimastan Ƙauye:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara, don abin ya hana ni barci. Ni ne hedimasta a wata firamare ta ƙauye a jihar Kano, kuma sakataren kwamitin kula da makarantar, wato SBMC. A farkon damina iska ta yaye rufin aji biyu. Kwamiti ya zauna, mai gari ya ba da nasa, tsofaffin ɗalibai suka aiko da abin da ya sawwaƙa, muka sayi kwano da katako, kafintan da ke cikin kwamitin ya yi aikin kyauta. Sai ga shi a teburin mai shayi ana cewa kuɗi aka turo daga sama, muka rufa aji biyu muka raba sauran. Wallahi ko sisi bai shigo hannunmu daga sama ba. Mun ba yara wasiƙa su kai gida, mun kira taro, mutum tara suka zo, babu mace ko ɗaya. Wasu kuma suna cewa tun 2019 Kano ta ce ilimi kyauta ne kuma dole, to neman gudummawa na mene ne? Ina muka yi kuskure?

Baba Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam Malam. Na yi irin aikinka shekaru, zan faɗa maka gaskiya: kun yi aiki, amma a ɗaki kuka yi shi. Wasiƙar da ka ba yaro ɗan aji biyu, a jakarsa za ta kwana, ko a ƙunshe ƙosai da ita. In ma ta isa, uban da allo ya karanta ba boko ba zai ajiye ta ne kawai. Ka je wurin liman, ai yana cikin kwamitin, ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, mai gari kuma ya sa a yi shela. Kada ka sa taro ranar kasuwa, kada ka sa da hantsi mutane suna gona. Bayan la'asar, a ƙofar gidan mai gari, ba a cikin aji ba.

Ranar taron ma'aji ya miƙe ya karanta lissafi da ƙarfi: wane ya ba da kaza, bandir ɗin kwano nawa aka saya, a shagon wa, ga rasit. A liƙa kwafi a bangon makaranta, da boko da ajami. Masu maganar ilimi kyauta kuwa suna da hujja, dokar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, wato UBE, ta 2004 ma ta ce haka tun daga firamare har ƙaramar sakandare. Ka fito fili ka ce gudummawa ta ganin dama ce, ba za a kori ɗan kowa don bai bayar ba.

Maman Yara Biyar:
Malam, kun ce mace ba ta zo ba, to wa ya gayyace mu? Mazanmu kuka aika wa, su kuma in sun dawo ba sa cewa komai. Alhali ni ce nake sanin ko yarinya za ta tafi makaranta da safe ko za ta ɗauki tiren talla. Wakiliyar mata da ke kwamitinku fa, aikin me take yi? Ku tura ta Islamiyyar matan aure, ko gidan suna, ta yi mana bayani mu ma mu faɗi namu. A unguwarmu sai da aka yi haka malamai suka gano rashin ban ɗaki mai ƙofa ne ke hana manyan 'yan mata zuwa. Babu uwar da za ta faɗi wannan a gaban maza. Kuma in za ku yi amfani da WhatsApp, ku turo murya, kada ku rubuta.

Ɗan Tawa:
Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan COGES muke ce wa irin kwamitin nan. Abin da ya taimake mu shi ne zaɓe a asirce: kowa ya jefa ƙuri'arsa ba tare da ya ji nauyin mai gari ba. Sannan babban taron gari ne ke amincewa da tsarin aikin shekara kafin a taɓa kuɗi, a ƙarshen shekara kuma a dawo gabansa da lissafi. Ku naku 'yan kwamitin, zaɓarsu aka yi ko naɗa su aka yi?

Hedimastan Ƙauye:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan uwa na Tawa, gaskiya naɗa su aka yi, ni da mai gari muka zauna muka rubuta sunaye, kuma ina jin daga nan zargin ya samo tushe. Zan kai wa mai gari maganar cikin ladabi. Hajiya, wakiliyarmu sau ɗaya ta taɓa zuwa zama, domin da dare muke yinsa. Za mu mayar da shi rana. Na tattara rasit ɗin duka, gobe bayan asuba zan ga liman, in sha Allah.