Yara uku kacal gare ni, wane tsarin bincike zan bi?

Autar Gida: Assalamu alaikum 'yan zaure, dan Allah shawara nake nema. Mastas nake yi a ilimin yara masu buƙata ta musamman, furojet ɗina kan yara uku ne 'yan ajina da ba sa iya zama a kujera, da an fara darasi sai tashi sai yawo sai taɓa jakar wani. So nake in gwada yabo da manna musu tauraro a kati duk sanda suka zauna suna aiki. Tsarin da na rubuta shi ne in ƙirga halin nasu na ɗan lokaci ban yi komai ba, sannan in fara ba da tauraron in ci gaba da ƙirgawa, in abin ya ragu shikenan. To malamin da ke duba aikina ya dawo min da takardar ya rubuta da jan biro wai ina shaidar cewa tauraron ne ya yi aikin. Ni wallahi kaina ya ɗaure, ai giraf ɗin zai nuna.

Malam Na Zariya: Wa alaikumus salam Auta. Malamin naki yana da gaskiya fa. Wannan da kika tsara A-B ne, A lokacin da ba ki taɓa komai ba wato beslayin, B lokacin da kika sa hannu, kuma giraf ɗin A-B abin da zai nuna kawai shi ne hali ya canza, ba zai faɗa miki waye ya canza shi ba. A satin da kika fara tauraron ƙila an sauya wa yaron magani, ƙila mai tsokanarsa a aji ya yi tafiya, ƙila zafi ne ya ragu. Kamar ki danna makunni wuta ta kama daidai lokacin da NEPA suka kawo, ba za ki san hannunki ne ba sai kin kashe ta mutu kin sake kunnawa ta kama. Shi ne ABAB, ki ƙirga, ki fara tauraro, ki janye shi ki ga ko tashin zai dawo yadda yake, ki sake mayarwa ki ga ko zai sake sauka. Ki nemi littafin Cooper da Heron da Heward, wanda ɗalibai ke ce wa farin littafi, babin da suka yi bayanin hasashe da tabbatarwa da maimaitawa, shi kaɗai ya isa ki ba malaminki amsa.

Anti Mai Aji: Malam a takarda ABAB da daɗi amma ka taɓa tsayawa gaban uwar yaro kana mata bayanin cewa da gangan za ka janye abin da ya sa ɗanta ya fara zama? Ita Auta ajinta ne fa, ita ce za ta sha hayaniyar satin janyewar, kuma hedimistires ba ruwanta da wani bincike. Ni dai shawarata tunda yara uku ne ta yi beslayin mai hawa-hawa, ta fara ƙirga dukkansu rana ɗaya, ta fara tauraro da na farko kawai sauran biyun suna nan a beslayin, in na farko ya canza su ba su canza ba sai ta shigar da na biyu, daga baya na uku. Ba janyewa ba rigima.

Malam Na Zariya: Anti ai ba cewa na yi a janye na wata guda ba, darasi uku zuwa biyar ne a mayar. In yaro na buga kansa da bango ne ko yana cizon kansa to nan kam ba mai janyewa, haka in abin koyo ne irin wanke hannu ko karanta baƙaƙe, wanda ya iya ya iya, ko kin janye ba zai manta ba ABAB ba zai yi aiki ba. Amma tashi daga kujera ba haɗari ba ne kuma hali ne da yake dawowa.

Dakta: Ku duka kun kawo abin ɗauka, amma Anti akwai tarko a shawararki da ya kamata Auta ta sani. Yaran nan aji ɗaya suke. Ranar da na farko ya fara karɓar tauraro na biyu na gefensa yana kallo, in shi ma ya gyara zama don yana sa rai, ko kuma don abokin yawon nasa ya zauna, to layukan giraf biyu za su motsa tare alhali mutum ɗaya kika taɓa, daga nan hujjar ta rushe, domin ƙarfin wannan tsarin gaba ɗaya yana kan cewa wanda ba a taɓa ba bai motsa ba. In za ki bi shi ko dai yaran su kasance azuzuwa daban-daban, ko ki yi hawa-hawan a kan darussa, ki fara tauraro a lissafi kawai, Hausa da Turanci suna beslayin, sannan ki shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Shi ma hali na iya tsallakawa daga darasi zuwa darasi amma a ganina ya fi sauƙin karewa.

Dakta: Abin da masu duba irin wannan aikin ke nema shi ne canji ya bayyana sau uku a lokuta uku daban-daban, Horner da abokan aikinsa sun rubuta haka a 2005, ƙa'idojin 2010 na What Works Clearinghouse, cibiyar tantance binciken ilimi ta Amurka, ma haka suka ce. ABAB na ba ki uku, A-B-A biyu kawai, A-B ɗaya. Ƙa'idojin sun kuma nemi aƙalla ɗigo 5 a giraf, wato ƙirga sau 5, a kowane zango na A ko B in ana son cikakken matsayi, 3 ana karɓa amma da sharaɗi.

Autar Gida: Na gode sosai Dakta. To beslayin ɗin kwana nawa zan yi? Na rubuta sati biyu.

Dakta: Kada ki yanke masa kwana tun daga gida, data ce ke yankewa. Sai ɗigon sun daidaita ko suna tafiya ɓangaren da ba a so. In kin ga zaman yaron yana ƙaruwa da kansa tun ba ki fara komai ba ki dakata, don in kika fara a lokacin ba wanda zai yarda ba hawan da ya riga ya fara ba ne. Ki kuma duba kalanda, kar ranar fara tauraro ta faɗo kan farkon azumi ko dawowa daga hutun sallah ko satin jarrabawa.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Ƙanwata kafin ki sayi wani littafi ki karanta maƙalar Hall da Lund da Jackson ta 1968, ita ce ta farko a fitowar farko ta mujallar nazarin ɗabi'a ta JABA (Journal of Applied Behavior Analysis), kuma kusan aikinki ne sak, yara 'yan firamare da malamansu suka koma kula su lokacin da suke aiki maimakon lokacin da suke wasa, aiki ya ƙaru, aka juya abin na ɗan lokaci ya ragu, aka mayar ya sake hawa. Tsofaffin fitowar mujallar suna shafin intanet na PubMed Central kyauta. A shekarar ne Baer da Wolf da Risley suka yi bayanin tsarukan nan biyu da Malam da Anti ke ja a kai, ita ma tana can. Littafi kuwa ni na Kazdin na fi so, Turancinsa ya fi sauƙi ga irinmu da muka yi boko da Faransanci.

Anti Mai Aji: Toh tunda aji ɗaya ne na sauka daga bakana, amma a gaya wa iyaye maganar janyewar tun a takardar amincewa kar su ji a bakin yaro. Wani abu kuma Auta, ke ce mai ba da tauraro ke ce mai ƙirgawa ke ce mai son abin ya yi aiki, dole ki samu mutum na biyu. Ki rubuta ma'anar zama ƙarara yadda ko ɗan bautar ƙasa da ya zo jiya zai gane, misali mazaunai a kan kujera, ƙafa a ƙasa, in ya durƙusa a kan kujerar fa zama ne ko ba zama ba, ku yanke tun yanzu. Ki sa waya a aljihu tana girgiza duk sakan 30, da ta girgiza ki ɗago ki kalli yaron ki sa alama, shi ma na biyun yana bayan aji da tasa takardar ba ku kallon na juna.

Dakta: Ƙwarai. Na biyun ya zauna aƙalla kashi 20 cikin 100 na darussan da ake ƙirgawa, kuma a kowane zango ba beslayin kaɗai ba, ƙirganku ya zo ɗaya aƙalla kashi 80. Sannan ki lura yabo da tauraro tare kike bayarwa, don haka abin da za ki iya cewa shi ne haɗin biyun ya yi aiki, ba tauraro shi kaɗai ba. In wanne ya fi kike son sani wannan tsarin musanya ne da Barlow da Hayes suka bayyana a 1979, yau wannan gobe wancan ba bisa jeri ɗaya ba, amma ki bar shi sai digirin dakta.

Yaya Babba: Ni tambayata ranar difens, in mai jarrabawa na waje ya ce mutum uku ba samfur ba ne ina lissafin ƙididdiga irin t-test ina manhajar SPSS fa? Don na san za a yi.

Malam Na Zariya: Za a yi kam. Amsar ita ce kowane yaro da kansa ake gwada shi, beslayin ɗinsa shi ne rukunin kwatancensa, kuma an auna shi sau da yawa ba sau biyu ba. Batun ko zai yi wa sauran yara aiki, maimaita binciken a wasu yara da wasu wurare ne ke amsa shi, Sidman ya yi wannan bayanin tun 1960. Ta nuna giraf ta yi magana kan tsayin layi, inda ya dosa, yawan tsalle-tsallensa, saurin canjin bayan an fara, da yadda ɗigon A da na B suka shiga juna. Excel ya isa, kawai kar ki haɗa ɗigon ƙarshe na A da na farkon B da layi, ki ja layin tsaye tsakaninsu.

Autar Gida: Allah ya saka da alheri. ABAB zan rubuta ga dukkan ukun a darasin lissafi, janyewa gajere. Anti dan Allah in kina da samfurin takardar ƙirgan nan ta sakan 30 ki turo min.

Anti Mai Aji: Tana kwamfutar makaranta, Litinin in sha Allah. Ki tuna min da safe.